Sulen da aka ce na Antoninus ne: amsa ga mai son fara tara azurfar Rumawa

Wani ɗan'uwa da ke karatu a Ingila ya turo hotuna biyu na wani ɗan sule na azurfa da ya gani a teburin mai sayar da tsofaffin kuɗi. Nauyinsa giram 3.1, faɗinsa milimita 19, an ce masa fam 55. A gaba akwai kan wani mutum mai gajeren gemu, ya ɗaure fuska, an zagaye shi da rubutu: ANTONINVS PIVS AVG GERM. A baya wani ne a tsaye ya jingina da sanda, maciji ya naɗe ta, an rubuta P M TR P XVIII COS IIII P P. Mai sayarwa ya rubuta a 'yar takarda cewa na Sarki Antoninus Piyus ne. Abin da yake son sani shi ne: ta yaya abin da ya kai shekara 1,800 zai yi wannan araha, anya ba jabu ba ne, kuma in yana son fara tarawa ta ina zai kama?

Malam, bari mu fara da wannan takardar, domin ba daidai take ba. Sulen nan ba na Antoninus Piyus ba ne, na Karakalla ne. Antoninus Piyus ya yi mulki daga 138 zuwa 161 miladiyya, dogon kai gare shi da cikakken gemu da fuska a sake, kuma a kuɗinsa rubutun yakan zo ANTONINVS AVG PIVS P P. Ka lura da yadda kalmomin suka sauya wuri. Karakalla kuwa ɗan Sebtimiyus Seberus ne, an haife shi a 188 a garin Lugdunum, wato Liyon ta Faransa a yau. Uban ne ya sauya masa suna tun yana yaro, ya raɗa masa Markus Aureliyus Antoninus, don ya jingina gidansa da tsohon gidan sarauta mai farin jini. Karakalla laƙabi ne da aka yi masa saboda wata alkyabba mai hula da yake yawan sakawa, ba za ka taɓa ganinsa a kan kuɗi ba. Akwai ma na uku mai amfani da sunan, Elagabalus, wanda ya hau a 218 yana yaro ɗan shekara 14. Wannan rikicin suna yana kayar da masu sayarwa da yawa, ba lalle ne mutuminka ya yi niyyar cuta ba.

Rubutun da kansa shi ke yanke hukunci, kuma in ka iya karanta shi ka ci rabin wannan fanni. Rumawa suna rubuta V a madadin U, suna gutsure kalmomi don wuri ya isa. AVG shi ne Agustus, babban laƙabin sarautar. GERM yana nufin wanda ya ci Jamusawa da yaƙi, kuma Karakalla ya ɗauki wannan laƙabi a 213 bayan yaƙinsa da ƙabilar Alamanni. Antoninus Piyus bai taɓa ɗaukarsa ba, Elagabalus ma haka. A baya, P M shi ne shugaban limaman addininsu, P P uban ƙasa, COS IIII yana cewa sau huɗu ke nan ya riƙe muƙamin kansul, wani babban muƙamin mulki a Rum, na huɗun a 213. Wanda ya fi kowanne amfani shi ne TR P, wani iko da ake sabunta wa sarki duk shekara, ana ƙara lamba. Karakalla ya samu na farko a 198, lokacin da ubansa ya naɗa shi abokin mulki. Ƙirga daga nan zuwa na 18, sai ka sauka a 215. To, ka ga sule ya gaya maka shekararsa da bakinsa, ba tare da an buga wata shekara a jikinsa ba.

Mai sanda da maciji kuwa Askulafiyus ne, abin bautarsu na warkarwa, wanda sandarsa ce har yau ake gani a tambarin asibitoci da na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba don ado aka sa shi ba. Marubutan zamanin sun ce Karakalla ya yi fama da ciwo a jiki da zuciya, musamman bayan ya sa an kashe ƙanensa Geta a ƙarshen 211, a gaban mahaifiyarsu Juliya Domna. A 214 ya je babban wurin bautar Askulafiyus a Fergamon, yammacin Turkiyya ta yau, neman lafiya. Shekara guda bayan haka ga hoton a kan kuɗi. Bayan kowane sule na Rum shela ce daga fada: an ci ƙasa kaza, an gina kaza, hatsi ya iso, sojoji suna tare da sarki. Kuma wani lokaci sai ka karanta shelar a juye. A ƙarni na uku, lokacin da rundunoni ke kashe sarakuna suna naɗa wasu kamar wasa, a lokacin ne aka fi cika kuɗi da FIDES MILITVM, wato amanar sojoji.

Yanzu maganar araha. Sunan wannan sule dinariyus. Kada ya rikita ka da dinarin da muka sani a littattafan fiƙihu, wanda na zinariya ne; dinariyus na azurfa ne, an fara buga shi wajen shekara 211 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ana tsaka da yaƙi da Hannibal, jagoran rundunar Kartaj ta Arewacin Afirka. Dinariyus 25 ke yin sulen zinariya ɗaya, shi kuma ɗaya yana canjuwa zuwa sestertiyus 4 na tagulla. Da shi ake biyan soja. A zamanin Agustus, sarkin farko na daular, albashin sojan runduna dinariyus 225 ne a shekara, Sarki Domishiyan ya mayar da shi 300. Ka lissafa wannan da dubban ɗaruruwan sojoji, shekara bayan shekara, sai ka gane cewa miliyoyi ake bugawa. Sannan babu banki irin namu. Mai tsoron yaƙi ko ɓarawo sai ya zuba kuɗinsa a tulu ya binne, in ya mutu sirrin ya tafi da shi. A 1929, a Reka Debniya ta ƙasar Bulgeriya, an tono taska ɗaya wadda sulallan da aka iya ƙirgawa a cikinta sun haura 80,000, kuma na gidan Seberus suna da yawa ƙwarai a ciki. Ire-iren wannan taska sun fito a Ingila, da Jamus, da ƙasashen Balkan, da Siriya. Shi ya sa tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Abin da ke sa tsada shi ne ƙarancin abu, da kyawunsa, da yawan masu nemansa. Dinariyus na Oto, wanda ya yi wata uku kacal a 69, ko na Fertinaks da bai cika wata uku ba a 193, ko na Kaligula, waɗannan sai ka shirya ɗaruruwa ko dubbai. Karakalla kuwa kusan shekara 20 ana buga kansa, tun yana yaro mai kumatu har ya zama wannan mai murtuke fuska. Fam 55 ga wanda ya sha hannu kaɗan amma rubutunsa ya fito, ba abin tayar da hankali ba ne. Da an ce maka na Oto ne a wannan farashi, sai in ce ka kama gabanka.

Abin da ya fi jan hankalina a naka shi ne shekarar, domin 215 mahaɗa ce a tarihin kuɗin Rum. A zamanin Agustus dinariyus kusan tsantsar azurfa ne, ana fitar da 84 daga kowace laba ta Rum, wato kowanne wajen giram 3.9. A shekara ta 64, shekarar babbar gobarar birnin Rum, Sarki Niro ya mayar da shi 96 a laba, wajen giram 3.4, ya kuma sa aka fara gauraya jan ƙarfe. Daga nan sai aka shiga hali irin na mai tallar nono da ke ƙara ruwa kullum, ƙwarya ba ta ragu ba, fari bai sauya ba, sai mai sha ne ya sani. Domishiyan ya gwada mayar da tsohon inganci a 82, bai iya riƙewa ba, ya sassauta a 85. Kafin a kai ƙarshen ƙarni na biyu Seberus ya sauko da azurfar zuwa wajen rabi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da takobi ya ci sarauta a 193, da kuɗi ya riƙe ta. Marubuci Kasiyus Diyo ya ruwaito cewa wasiyyarsa ga 'ya'yansa, yana kan gadon mutuwa a garin Yok na Ingila a 211, ita ce su haɗa kai, su azurta sojoji, su yi watsi da kowa. Karakalla ya zubar da ta farkon, ya riƙe ta biyu da hannu biyu: ya ƙara wa sojoji rabin albashinsu. Ma'adinan azurfa na Sifaniya ba su ƙaru ba, to daga ina kuɗin zai fito? A 215 sai ya fito da sabon sule mai ɗan girma, nauyinsa wajen giram 5, wanda masana suka fi karkata ga cewa an ƙimanta shi dinariyus biyu, alhali azurfar cikinsa ta ɗaya da rabi ce. Masu tarawa suna kiransa antoniniyanus. Gane shi ba wuya: sarki yana sanye da kambi mai tsinaye kamar hasken rana, ba rawanin ganye irin na jikin naka ba, in mace ce, za ka ga jinjirin wata a ƙarƙashin kafaɗunta.

Mutane ba wawaye ba ne. Duk wanda tsohon sule mai kyau ya faɗo hannunsa sai ya ɓoye, ya kashe sabon. Tun kafin wannan ma, taskokin da aka tono a kudancin Indiya, inda Rumawa ke sayen barkono, cike suke da sulallan Agustus da Tiberiyus, na bayan Niro kaɗan ne. Bayan 238 antoniniyanus ya kore dinariyus daga kasuwa, shi ma ya ci gaba da lalacewa, har a ƙarshen mulkin Galiyenus, wajen 268, azurfar cikinsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, tagulla ce da aka shafa wa fari. Aureliyan ya yi gyara a 274, ya sa alamar XXI, wadda aka fi fassarawa da kashi 20 na tagulla ga kashi 1 na azurfa. Diyokleshiyan ya dawo da sulen azurfa na gaske wajen 294, har wasu an buga musu XCVI, wato 96 a laba, ma'aunin Niro. A ƙarni na huɗu kuma aka samu silikwa, siriri mai faɗi, wanda a Ingila za ka riƙa ganinsa an yanyanke masa gefe, kamar dubban da aka samu a taskar Hoksan a 1992. Ni a ganina babu wani darasin tarihi da ya kai mutum ya jera sule shida ko bakwai a kan farin ƙyalle, daga Besfasiyan zuwa Galiyenus, ya ga fari yana komawa ja da idonsa.

Wani abu game da lambobin inganci da za ka gani a littattafai da intanet: suna saɓa wa juna, kuma akwai dalili. Masu bugawa a Rum sukan jiƙa ƙwayar ƙarfen a ruwa mai tsami kafin bugu, jan ƙarfen saman ya narke ya fita, fatar ta zama kamar tsantsar azurfa. Binciken shekarun 1970 saman ya auna, sai ya ba dinariyus na Niro wajen kashi 93. Daga baya Kevin Butcher da Matthew Ponting suka huda gefen sulalla da siririn allura suka ɗebo na ciki, suka samu wajen kashi 80. Saboda haka naka, ko da yana walƙiya, kusan rabinsa jan ƙarfe ne, kuma in an narka shi azurfar ba za ta saya maka abincin rana a Landan ba. Tarihi kake saye.

Sai maganar jabu, wadda hoto biyu ba za su isa a yanke ta ba, amma ga abin da za ka duba da hannunka. Nauyi da faɗin da ka faɗa sun yi daidai da na dinariyus na wannan zamani, wanda yawanci yana tsakanin giram 2.8 da 3.5. Ka tafi da ƙaramin sikeli naka mai auna ɗigon giram, da gilashin ƙara girma mai ninki goma, da mayen ƙarfe. In mayen ƙarfe ya kama shi, magana ta ƙare. Daga nan ka tuna yadda aka yi shi tun asali: an sassaƙa hatimi biyu da hannu, ɗaya a kafe a uwar maƙera, ɗaya a hannu, aka sa ƙwayar azurfa a tsakani aka sauke guduma. Ƙarfen da aka buga yana gudu zuwa gefe, sai ya bar siraran layuka daga haruffa zuwa baki, gefen kuma yakan tsage nan da can, tsaga mai kaifi mai zurfi. Na jabu galibi zubi ne: an kwafi na gaske, an narka ƙarfe an zuba. Shi za ka ga haruffansa sun yi laushi kamar sabulun da ya sha ruwa, da 'yan ramuka ko ƙuraje na kumfar iska, tsagar gefensa a cike take, kuma a kewayen bakin akwai layin haɗi ko alamar an goge shi da zarto. Saboda haka gefen sule ya fi fuskarsa faɗin gaskiya, shi za ka fara juyawa ka duba. Kuma tunda da hannu ake bugu, babu biyu da za su zo iri ɗaya sak. In ka ga wani a intanet mai karkata iri ɗaya, tsaga a wuri ɗaya, lalacewa iri ɗaya da naka, to ɗayansu ko dukansu daga mazubi ɗaya suka fito.

Akwai jabun da ya fi wannan wayo, wanda aka sassaƙa sabon hatimi aka buga. Wani Bajamushe, Carl Wilhelm Becker, wanda ya mutu a 1830, ya yi irinsa har manyan masu tarawa suka ruɗu, yau ma aikinsa ya zama abin tarawa. Irin wannan sai da idon da ya saba da salon masu sassaƙar Rum, kuma idon ba ya samuwa sai da yawan kallo. Akwai kuma jabun zamanin da kansa: tagulla a ciki, an lulluɓe ta da fallen azurfa, wani ɓarawon ƙarni na uku ya yi don ya cuci mai burodi. In fatar ta ɓare za ka ga kore ko ja a ƙasa. Wannan tsohon abu ne na gaske, yana da masu sonsa, sai dai a sayar maka da shi da sunansa da farashinsa.

Don Allah kada ka kai shi wurin maƙerin farfaru ya goga a dutse ko ya ɗiga masa ruwan gwaji, kada kuma ka jefa shi a siminti don ka ji ƙara. Azurfar da ta daɗe a ƙasa takan bushe daga ciki ta zama mai gautsi, faɗuwa ɗaya sai ta rabe biyu. Kada ka wanke shi da toka, ko man goge baki, ko lemon tsami. Wannan duhu-duhun da ke kwance tsakanin haruffa masu tarawa kuɗi suke biya dominsa, wanda aka goge ya yi ƙyalli kuwa darajarsa ta faɗi, ba ta dawowa. Ka riƙe shi ta gefe, ka ajiye a 'yar ambulan ta takarda ko tire mai ƙyalle, ban da leda mai laushi irin ta PVC, wadda ke fitar da wani kore mai danƙo. In ka dawo da shi gida, ka kula da laimar damina, musamman ga masu yawan tagulla.

Wajen tantancewa, littafin da kowa ke komawa gare shi shi ne Roman Imperial Coinage, ana taƙaita shi RIC, wanda aka fara fitarwa a 1923, juzu'i goma. Ba sai ka saya ba. Ƙungiyar masana tsofaffin kuɗi ta Amurka ta zuba abin da ke ciki a shafin OCRE kyauta, da hotunan sulallan gidajen tarihi. Ka rubuta rubutun bayan naka a can, ka zaɓi Karakalla, ka kwatanta da goma ko ashirin irinsa. Don farashi kuma ka duba sakamakon gwanjon da aka riga aka yi, kamar a shafin acsearch na intanet, ba abin da masu shago ke nema ba, kana tuna cewa gidan gwanjo yana ɗora wa mai saye la'ada wajen kashi 20 cikin 100, ga kuɗin aike. Ka saya daga wanda zai rubuta maka cewa in ya tabbata jabu ne, ko bayan shekaru, zai mayar maka da kuɗinka. Dillalan da ke cikin IAPN, ƙungiyar dillalan tsofaffin kuɗi ta duniya, da wannan sharaɗi suka shiga. Wanda ya ce maka "ni ban san kan abin ba, a kayan kakana na samu, ba a mayarwa," ka bar masa kayansa.

Ka kuma tambayi asalinsa, wato hannun da ya bi kafin ya zo teburin. Italiya, da Girka, da Turkiyya, da Masar, da Bulgeriya duk suna da dokoki masu tsanani kan fitar da kayan tarihi, kuma yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ita ce layin da masu saye na kirki ke dubawa. Ingila ta bi wata hanya: dokar 1996 ta wajabta bayyana taskar da aka tono, in gidan tarihi bai saya ba sai a mayar wa wanda ya samu da mai gona, su sayar a fili. Abin ba wasa ba ne. Sulen zinariya na Burutus, mai tunawa da kisan Juliyus Kaisar, an sayar da shi a Landan a 2020 kan fam miliyan uku da ɗoriya, daga baya ta bayyana takardun asalinsa ƙarya ne, aka mayar da shi Girka a 2023. Mu da muke neman a dawo mana da kayan Benin da aka kwashe a 1897, bai kamata a same mu muna sayen abin da aka haƙe da dare a gonar wani ba. Kuma in wata rana a gida wani ya kawo maka irinsa ya ce a Katsina ko Agadas aka tono, ka yi taka-tsantsan sosai. Iyakar Rum ta kudu ta tsaya ne a bakin hamadar Libiya, inda Seberus, wanda shi kansa haifaffen Leptis Magna ne a gabar tekun Libiya, ya kafa sansanoni irin na Bu Najem da Gadamas. Kuɗinsu da suka ƙetaro Sahara zuwa wajenmu kaɗan ne ƙwarai.

Ta ina za ka fara? Kada ka bi sha'awar haɗa sarakuna goma sha biyu na farko, daga Juliyus Kaisar zuwa Domishiyan, ko da yake kowa da ita yake shigowa. Akwai uku ko huɗu a cikinsu da za su cinye kuɗin makarantarka, kuma su aka fi yi wa jabu. Tunda Karakalla ya zo hannunka, ka tara gidansu: ubansa Seberus, uwarsa Juliya Domna 'yar garin Hims ta Siriya, ƙanensa Geta, wanda aka kankare sunansa daga gine-gine amma sulallansa suka tsira da yawa, da matar Karakalla, Filautila, wadda ya kora zuwa tsibiri sannan ya sa aka kashe. Duk suna samuwa a farashin da bai yi nisa da wannan ba. Ka ƙara antoniniyanus ɗaya na Gordiyan na Uku, wanda shi ne mafi sauƙin samu a azurfar Rum, don ka ga kambin mai tsinaye. In kana son abin da ya shafi nahiyarmu, ka nemi na Hadiriyan mai rubutun AFRICA, mace a kishingiɗe da fatar kan giwa a kanta da kunama a hannu, ko na Filibus Balarabe na 248, na bikin cikar Rum shekara 1,000, masu zaki da barewa da dorina. Guda ɗaya mai kyau, wanda rubutunsa ya fito duka, ya fi biyar da suka shafe. Kuma kada ka sa rai da riba. In ka tashi sayarwa, la'adar dillali ita za ta fara cin abin da ya ƙaru.

Game da wannan na teburin, ka koma ka ce ya ba ka ka duba gefensa da gilashi, ka auna da sikelinka, ka tambaye shi tsohuwar takardar da ya zo da ita da inda ya saye shi, ya kuma rubuta maka rasiɗi mai sharaɗin mayarwa. In duk sun yi daidai, ka taya fam 45, ka nuna masa GERM ɗin da ke gaba da XVIII ɗin da ke baya, ya gyara sunan a rasiɗin ya rubuta Karakalla, Rum, shekara ta 215.